Bita ga masu yasar shadda da magudanai: darasin da daɗewa a aiki ba ya bayarwa

Iskar da ta fi hallaka masu shiga ramin shadda da manyan bututan ƙazanta sunanta haidirojin salfaid. Tana fitowa ne daga ruɓewar najasa a inda iskar shaƙa ba ta kaiwa, kuma warinta na ruɓaɓɓen ƙwai ne, wanda hanci ke kamawa tun tana 'yar mitsitsiya, ƙasa da kashi 1 cikin miliyan. Shi ya sa tsofaffin hannu da yawa a wannan sana'a suka dogara da hancinsu: a ɗaga murfi, a sunkuya a sunsuna, in warin bai bugi kai ba a sa tsani a sauka. Abin da hancin ba ya gaya musu shi ne, idan iskar ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, jijiyar jin warin take fara kashewa. Sai mutum ya ji wari ya ɗauke, ya ɗauka wuri ya gyaru, alhali a lokacin ne ya fi muni. In ta haura zuwa 700 ko 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato sumamme cikin ruwan ramin.

A ganina, duk maganar ƙaro ilimi ga ma'aikatan shadda, bututan ƙazanta da magudanai daga nan ya kamata ta tashi, domin wannan darasi ba a koyonsa a bakin aiki. Wanda iskar ta koya wa ba ya fitowa ya ba da labari. Wanda kuma ya sauka sau ɗari ya fito lafiya, abin da ya koya shi ne sauka ba ta da wata illa. Kafinta in ya yanka katako a karkace, nan take ƙofa za ta ƙi rufuwa, ya gyara hannunsa. Sana'ar ƙazanta kuwa ɓoye kurakuranta take yi: wani kuskuren yana binne a ƙasa, wani sai bayan shekaru zai bayyana, wani kuma a jikin yaron da ya sha ruwan rijiya nesa da inda aka yi aikin. Mutum na iya yin shekara ashirin yana aikata abu ba daidai ba, kullum yana ƙara samun tabbacin cewa daidai yake yi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma a wannan aiki har mai hankali yake ɗaurewa.

Dubi yadda ake gwada iskar rami. Na'urar awo ta hannu, wadda ake ratayawa a ƙirji, yawanci iska huɗu take nunawa, kuma akwai tsarin da ake bi wajen karanta ta. Oksijin ake fara dubawa, saboda in ya gaza kashi 19.5 cikin ɗari wurin ba na shiga ba ne, kuma ɓangaren na'urar da ke auna iska mai kama wuta shi ma sai da isasshen oksijin yake faɗin gaskiya. Daga nan a duba iska mai kama wuta, wato galibi metan, wadda ke fashewa idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Sannan a duba masu guba. Ba a bakin rami kaɗai ake awon ba: metan ta fi iska sauƙi, sama take taruwa, haidirojin salfaid kuwa ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya, don haka dole a zura na'urar a hankali, sama, tsakiya, ƙasa. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne, ana iya yin awo da safe a ga komai lafiya, amma da zarar an taka laka ko an motsa ta da shebur, gas ɗin da ke narke a cikinta ya taso gaba ɗaya. Shi ya sa na'urar ba ta rabuwa da jikin wanda ke ciki, fanka mai hura iska kuma ba ta tsayawa har ya fito. Ita kanta na'urar tana lalacewa ba tare da ta nuna alama ba, sai an fesa mata gas ɗin gwaji kafin fita aiki a tabbatar tana ƙara. Na'urar da ta mutu ta fi rashin na'ura haɗari, don tana ba da kwanciyar hankali ta ƙarya.

Sai maganar ceto, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya a duk wannan fanni. A 1986 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na waɗanda ke mutuwa a rufaffun wurare irin waɗannan masu ƙoƙarin ceto ne. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: na farko ya faɗi, na biyu ya kira sunansa bai amsa ba, ya dira ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi, na uku ya bi su. Babu wanda zai zargi mutumin da ya ga abokin aikinsa, wani lokaci ɗan'uwansa na jini, kwance a ƙasan rami ya bi shi. Halin kirki ne ya tura shi. To, horo a nan aikinsa shi ne ya ba wannan halin kirki wata hanyar da ba ta mutuwa ba: ɗamarar jiki mai igiya a bayan wanda ya sauka, ƙarfe mai ƙafa uku a bakin rami da marikin jan igiya, da mutum ɗaya a sama wanda aikinsa kawai ya tsaya ya sa ido, ya ja, ya kira agaji, kuma komai ya faru kada ya shiga. Faɗar wannan a aji abu ne mai sauƙi. Sa hannu ya yi shi da kansa lokacin da zuciya ke bugawa kuwa sai an maimaita har ya zama jiki. Dokar Amurka kan shiga rufaffun wurare, wadda hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta fitar a 1993, ta wajabta wa masu aikin ceto su gwada fito da mutum ko mutum-mutumi aƙalla sau ɗaya kowane wata 12. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar Birtaniya ta 1997 kuma ta fara ne da abin da ya fi wannan muhimmanci: in aikin zai yiwu daga waje, kada a shiga sam.

Da a ce haɗarin a tsaye yake wuri ɗaya, da horo sau ɗaya mai kyau da ɗan tunatarwa sun wadatar. Amma ilimin kansa yana sauyawa, kayan da ke ƙarƙashin ƙasa ma suna sauyawa. Ƙungiyar masana tsaftar wuraren aiki ta Amurka, ACGIH, ta daɗe tana ba da kashi 10 cikin miliyan a matsayin iyakar haidirojin salfaid da ma'aikaci zai iya shaƙa tsawon yinin aiki. A 2010 ta sauke shi zuwa kashi 1. Wanda ya yi kwas kafin nan bai sake komawa ba, da tsohon lissafi yake aiki har yau.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na bututun gas da ke ratsa bututun ƙazanta. Kamfanoni sun koma shimfiɗa bututan gas da na waya ta hanyar huda ƙasa a kwance ba tare da haƙa rami ba, kuma mai hudawar ba ya ganin abin da ke gabansa. Wani lokaci sai ya ratsa ta tsakiyar bututun ƙazantar gida bai sani ba. Abin na iya zama haka shekara da shekaru, har ranar da takarda da maiƙo suka taru a jikinsa, bututu ya toshe, a kira mai buɗe magudana. Shi kuma ya zura wayarsa mai juyawa da wuƙa a baki, ya ji ta tokare, ya ɗauka saiwar bishiya ce, ya ƙara wuta. A 1976 a garin Kenosha na jihar Wiskonsin a Amurka haka ta faru: aka yanke bututun gas, gas ya bi bututun ƙazanta ya shiga gida, gidan ya tashi, mutum biyu suka mutu. Babu wata gwaninta ta hannu da za ta nuna wa mutum bambancin saiwa da bututun roba a cikin duhu. Sai dai wani ya gaya masa cewa irin wannan na faruwa, cewa a unguwar da aka shimfiɗa gas ba tare da haƙa ba ana sa kyamara kafin wuƙa, ana kuma kiran kamfanin gas kafin a fara.

Haka ma gyaran bututu daga ciki. Tun 1971, lokacin da Eric Wood ya fara gwada shi a Landan, ana iya zura wani yadi da aka jiƙa da ƙaro cikin tsohon bututu, a hura shi ya manne, a busar da shi ya zama sabon bututu cikin tsoho. Wanda bai san an yi wa layi irin wannan gyara ba zai iya kekketa shi da sarƙar goge tsatsa cikin minti kaɗan. Masu yin gyaran kuma suna da nasu haɗarin na tururin sinadarin sitairin da ke tashi lokacin busarwa. Abin da ke toshe bututun ma ya canja. Tsumman goge jiki na zamani ba sa narkewa kamar takardar bayi, suna haɗuwa da maiƙon girki su daskare. Dunƙulen da aka tarar a unguwar Whitechapel ta Landan a 2017 ya kai tsawon mita 250 da nauyin tan 130, kuma sai da ma'aikata suka shafe makonni suna farfasa shi.

Injin feshin ruwa mai ƙarfi, wanda yanzu shi ne babban makamin wannan sana'a, ya zo da raunin da ba ya kama da kowane rauni. Ruwan na iya huda takalmi da fata ya bar 'yar ƙofa kamar tsinin allura, amma a ciki ya yaga nama ya cusa ƙazanta har kusa da ƙashi. Ma'aikaci ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba da aiki, ko ya je asibiti a wanke a sallame shi, bayan kwana biyu ƙafa ta kumbura ta fara ruɓewa. Saboda haka ne ƙungiyar masu wannan aiki a Birtaniya ke ba wa waɗanda ta horar kati su riƙe a aljihu, wanda ke bayyana wa likita cewa wannan rauni na tiyata ne na gaggawa komai ƙanƙantarsa a ido. Irin wannan shawara ake ba su kan cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga ta ƙujewar fata ta fara kamar zazzaɓin mura: ka faɗa wa likita aikin da kake yi tun kafin ya tambaye ka. Ga allurar tetanus, ga ciwon hanta, ga wanke hannu kafin cin abinci, ga rashin kai kayan aiki gida a wanke tare da na yara. Ƙananan abubuwa ne, kuma su ne aka fi saurin sakewa da su in ba a tunatar ba.

Duk wannan ran ma'aikaci ne. Akwai ɗaya ɓangaren, wato ingancin aikin, kuma a nan ne jama'a suka fi raina sana'ar. Da yawa suna ganin mai motar zuƙe shadda tiyo kawai yake zurawa ya kunna inji. Tankin shadda, wanda Bafaranshe Jean-Louis Mouras ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1881, wurin tacewa ne na matakin farko. Abin da ya shiga yana rabuwa gida uku: maiƙo da kumfa a sama, laka a ƙasa, ruwa a tsakiya. Ruwan tsakiyar ne kaɗai ya kamata ya fita, kuma wani ɗan lanƙwasasshen bututu a bakin mafita shi ke tare na sama da na ƙasa. Ruwan da ya fita ɗin bai tsarkaka ba. Ƙasar da zai tsiyaya a cikinta, a sokawe ko a filin da aka shimfiɗa bututai masu huji, ita ce ke ƙarasa aikin, in dai akwai isasshen kauri na busasshiyar ƙasa tsakaninsa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. In ƙasar yumɓu ce, ruwan ba zai nutse ba, zai taso fili. In tsakuwa ce ko dutse mai tsaga, zai wuce da sauri da ƙwayoyin cutarsa har rijiyar maƙwabci.

Mutumin da ya san wannan, in ya buɗe murfi karatu yake yi. Kafin ya kunna inji zai dubi tsayin ruwa: in ya haura bakin mafita, matsalar tana gaba, a bututu ko a ƙasa, in ya gaza shi, tankin na yoyo. Zai auna kaurin laka da na kumfa, domin in sun cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na zurfin lokacin kwashewa ya yi, in kuwa ba su kai ba babu dalilin sa mai gida asara. Yana zuƙa yana saurare: ruwan da ke kwararowa baya daga mafita alama ce filin tsotsewa ya cika ya daina sha, kuma kwashe tanki ba zai warkar da shi ba. Zai duba ko lanƙwasasshen bututun nan yana nan, don gas ɗin da muka fara da shi yakan koma ruwan asid a jikin siminti ya cinye shi, in kuma ya faɗi laka za ta wuce ta toshe ƙasar da ke tacewa, wadda gyaranta ya fi komai tsada. Ya san ba a zuƙa ta ƙaramar ƙofar leƙe a bar laka a kwance. Ya san tankin roba in an kwashe shi tas lokacin da ƙasa ke cike da ruwa zai iya tasowa sama ya karya bututai. Mai gida ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mota ta zo, mota ta tafi, bayi ya koma aiki, shi ke nan. Bambancin ƙwararre da ɗan kame-kame sai bayan shekara uku ko biyar zai fito, lokacin da babu mai tuna wanda ya yi aikin. Ke nan kasuwa da kanta ba za ta hukunta mai ha'inci ba, ba za ta saka wa mai ilimi ba.

Sababbin tankunan da ke da injin hura iska, famfo, matata da allon lantarki sun ƙara nisan tazarar. Waɗannan ƙananan masana'antun tace ruwa ne a bayan gida, kuma wanda ya yi musu irin kwasar tsohon rami zai kashe ƙwayoyin halittar da ke yin aikin ko ya ƙone famfo. Sannan ga tambayar da kowa ke kau da kai daga gare ta: ina ake kai abin da aka kwasa? A Amurka ƙa'idar tarayya ta 1993 ta tsara yadda ake zuba shi a gona, ciki har da hanyar zuba farar ƙasa har ya kai 12 a ma'aunin pH, mai auna tsami da kishiyarsa, ya zauna haka minti 30. Inda ba a koyar da wannan, ba a kuma tanadi wurin zubarwa ba, mota takan juye kayanta a rafi da dare, aikin tsafta ya koma jigilar cuta daga wannan unguwa zuwa waccan.

Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam wajen tilasta ƙaro ilimi. A Amurka, inda fiye da gida ɗaya cikin biyar ke amfani da shadda maimakon bututun gari, jihohi ne ke da iko, kowacce da nata tsari. Minesota na daga cikin masu tsanani: mai girkawa, mai kwashewa, mai zana tsari da mai duba aiki kowa da takardar shaidarsa, ana sabunta ta duk shekara uku bayan an cika sa'o'in bita, kuma jami'ar jihar na da sashe na musamman da ke koyar da su. NASSCO, ƙungiyar kamfanonin aikin bututan ƙazanta, ta tsara lambobin bai-ɗaya na bayyana lahanin da kyamara ta gani a bututu, yadda tsaga da karyewa da shigar saiwa za su zama abu ɗaya a bakin kowa, kuma takardarta ma tana ƙarewa sai an sabunta. A Faransa tun 2009 mai kwasar shadda sai da amincewar hukuma, da takardar da ke bin sawun kayan har inda aka juye su. Japan ta kafa doka a 1983 kan ƙananan tankunan tacewa na gidaje, da jarrabawar ƙasa ga masu kula da su da binciken shekara-shekara. Ailan kuwa sai da kotun Tarayyar Turai ta same ta da laifi a 2009 kafin ta yi dokar rajistar shadda a 2012, kuma da aka fara bincike, shekara bayan shekara kusan rabin tankunan da aka duba ba sa tsallakewa, da yawansu saboda rashin kwashewa da kulawa kawai.

Ina goyon bayan tilastawar, amma ba na son a ɗauka ƙirga sa'o'i shi ne ilimi. Tsarin yana da ramuka manya. Na farko, lasisi galibi da sunan mai kamfani yake, don haka shi ke zuwa bita, ya zauna a ɗaki mai sanyi, ya karɓi satifiket. Yaron da ke riƙe tiyo, wanda shi ne zai leƙa rami, sau da yawa ɗan haya ne na wata uku, kuma babu dokar da ta san da zamansa. Ilimin ya tsaya a ofis, haɗarin yana bakin rami. Bayan haka, kwasa-kwasai da dama masu sayar da kaya ne ke shirya su. Ba laifi ba ne, su suka fi kowa sanin injinsu, kuma babban baje kolin sana'ar da ake yi a birnin Indiyanafolis na Amurka yana tara darussa masu amfani ƙwarai. Amma mai sayar da maganin zubawa a shadda ba shi ne zai koya maka cewa tanki mai lafiya ba ya bukatar maganin ba. Karatun intanet ya taimaki na nesa, kuma ya dace da sababbin dokoki da lissafi, sai dai ba a koyon ɗaura ɗamara ko jin ƙasa a tafin hannu ta allon waya. Ramin gwajin ƙasa sai an tsaya a bakinsa, an ga launin toka-toka da ɗigon ja da ke nuna inda ruwa ke kaiwa da damina, an murza ƙasar tsakanin yatsu. A nan ma akwai darasin da ke ceton rai, domin mita ɗaya ta kowane gefe ta ƙasa ta fi tan ɗaya nauyi, kuma bangon rami ba ya sallama kafin ya rufto.

Ramin da ya fi duka zurfi shi ne, mafi yawan masu wannan aiki a duniya ba su da lasisin da za a sabunta tun farko. Rahoton haɗin gwiwa da Bankin Duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da WaterAid suka fitar a 2019 ya bayyana ma'aikata masu yawan gaske da ke kwasa da bokiti da hannu, ba albashi tsayayye, ba kariya, ga ƙyamar jama'a. Indiya ta haramta kwasar najasa da hannu a 1993, ta sake yin doka mai faɗi a 2013 wadda ta haɗa da shiga bututu da shadda ba kayan kariya. Kotun ƙolinta ta yanke diyyar rufi miliyan 1 ga iyalan wanda ya mutu a irin wannan aiki a 2014, ta ɗaga ta zuwa miliyan 3 a 2023. Ɗan fafutuka Bezwada Wilson da ƙungiyarsa sun shafe shekaru suna gwagwarmayar kawo ƙarshen wannan aiki, a jihar Kerala har an ƙera mutum-mutumin inji mai sauka rami a madadin mutum. Duk da haka ana ci gaba da mutuwa. Wannan ya nuna iyakar horo, kuma ya kamata masu son horo su faɗe ta da bakinsu. Mutumin da ka koya wa haɗarin gas, amma ba shi da na'urar awo, ba shi da fanka, kuma in ya ƙi sauka ɗan kwangila zai kira wani, ka ƙara masa tsoro ne kawai ba ka ƙara masa kariya ba. Bitar da ba ta zo da kayan aiki da 'yancin cewa a'a ba, rabin aiki ce, wani lokaci ma takan zama hujjar ɗora wa mamaci laifi: ai an horar da shi.

Inda aka ga ci gaba, kamar a Dakar da Kampala, hukumomin birni sun fara ne da amincewa cewa masu kwasar nan suna nan kuma ana bukatarsu. Suka yi hulɗa da ƙungiyoyinsu, suka buɗe layin waya da ke haɗa su da masu gidaje, aka samar da wuraren juyewa, horo ya shigo a matsayin wani yanki na yarjejeniya: ka koya, ka yi rajista, aiki ya zo maka. Wanda ake kora da tara ba zai zo aji ya rubuta sunansa ba.

Bita mai amfani, a fahimtata, gajera ce kuma mai yawan dawowa. Minti goma sha biyar a gindin mota kafin fita, kan abu ɗaya tak, ta fi yini biyu a otal duk shekara uku tasiri a kan halin mutum, ko da yake kowanne da gurbinsa. Ana yin ta da harshen da ma'aikatan ke ji, da hoto da gwaji ga wanda bai yi boko ba, don rashin iya karatu bai hana mutum fahimtar ƙarar na'ura ba. Ana gwada mutum ne da abin da hannunsa ya iya: ga na'ura, gwada ta, ga ɗamara, ɗaura, ga abokinka a ƙasa, fito da shi ba tare da ka sauka ba. Kuma ba malami kaɗai ke magana ba. Tsohon ma'aikaci ya san abubuwan da babu su a littafi, ya san sautin injin zuƙa in tiyo ya kusa toshewa, ya san tsoffin layukan da taswira ta manta da su. In aka shigo masa da raini zai rufe kunnensa, kuma yaran da ke ƙarƙashinsa shi za su bi, ba baƙon malami ba. Abu mafi daraja da za a iya tarawa a irin wannan zama shi ne labaran tsallake rijiya da baya: ranar da na'ura ta yi ƙara aka fito da gudu, ranar da tiyo ya kuɓuce ya wuce ta gefen fuska. Waɗannan ne kaɗai damar da sana'ar ke da ita ta ganin kurakuranta ba tare da gawa ba, kuma ba wanda zai faɗe su a kamfanin da ake korar mai faɗa.

Saura wanda zai biya. Ƙaramin mai mota ɗaya in ya tafi kwas, ya yi asarar kuɗin kwas da na aikin yinin, ga kuɗin na'ura da gas ɗin gwaji da ke ƙarewa. Abokin gasarsa da bai yi ko ɗaya ba zai karya farashi ya kwashe masu ciniki. Muddin haka ne, mai bin ƙa'ida shi ake hukuntawa. Gyaran yana hannun manyan masu ba da aiki: hukumomin birni, asibitoci, makarantu, otal-otal da masu rukunin gidaje. In suka rubuta a kwangila cewa duk wanda zai taɓa murfi, ba mai kamfani kaɗai ba, sai ya nuna shaidar bita ta kwanan nan, sai an ga na'urar awo a wurin aiki, sai an kawo takardar inda aka juye kaya kafin a biya kuɗi, to kuɗin horo zai shiga farashin aiki ga kowa daidai wa daida. Kamfanonin inshora ma suna da irin wannan ƙarfi, ta hanyar rage kuɗi ga wanda ke horar da mutanensa. Mai gida ɗaya ba shi da ƙarfin hukuma, amma yana iya tambayar ina za a kai kayan, yana iya neman a gaya masa abin da aka gani a tankin, yana kuma iya hana kowa sauka cikin shaddarsa don ciro wani abu da ya toshe ko ya faɗa.